Ƙanena yana allurar ƙwaya da sirinjin abokinsa: yaya girman haɗarin ƙanjamau?

"Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 27 ya faɗa harkar ƙwaya, kuma kwanan nan muka gano abin har ya kai ga yi wa kansa allura a jijiya. Da na zaunar da shi, sai ya ce kada in damu da maganar ƙanjamau, wai shi da abokinsa guda ɗaya tak suke amfani da sirinji ɗaya, kuma sai sun ɗauraye shi da ruwan zafi. Wani lokaci ma kowa da allurarsa, cokali da ruwa kawai suke haɗawa. Na matsa masa ya je gwaji aka ce ba shi da ita, amma kwana goma ne tsakanin gwajin da ranar ƙarshe da suka yi tare. Yana da mata. Mahaifinmu ya kwashe duk alluran da ya tarar a ɗakinsa ya ƙone. Shin hankalinmu ya kwanta ke nan? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya wa ƙanenki, a lokacin da mutane da yawa suke juya wa nasu baya. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko ɗauraye sirinji da ruwan zafi kariya ce, ko tarayya da mutum ɗaya tak tana rage haɗari, ko gwajin kwana goma abin dogaro ne, sannan abin da ya rage wa iyali su yi. Ba zan ɓoye miki ba, lokacin kwanciyar hankali bai yi ba tukuna. Amma akwai kyakkyawar yiwuwar cewa har yanzu bai kamu ba, kuma abin da zai hana shi kamuwa ana iya fara shi yau, ba sai ranar da ya rabu da ƙwaya ba. Na daɗe ina aikin gwaji da ba da shawara ga masu irin wannan matsala, kuma yawancin waɗanda na ga sun kamu, sun kamu ne a cikin watannin da kowa yake jiran su daina.

Abin da ke saura a cikin sirinji

Ƙwayar da yake sha ba ita ke ɗauke da cutar ba, jini ne. Kuma wanda bai taɓa ganin yadda ake wannan allura ba, ba zai gane yawan jinin da ke shiga sirinji ba. Mai neman jijiya idan ya soka allura, ba ya tura ruwan nan take. Sai ya ɗan ja sandar sirinjin baya, idan ya ga jan jini ya kwararo ciki ya gauraya da ruwan ƙwayar, ya san ya dace da jijiya. Bayan ya tura, da yawa sukan sake jawo jini su cika sirinjin su mayar, sau ɗaya ko biyu, don kada ko ɗigo na ƙwayar ya saura. Ke nan duk cikin sirinjin ya wanku da jininsa kafin ya miƙa wa na kusa da shi. Shi kuma na biyun zai tura abin da ya saura kai tsaye cikin tasa jijiyar, babu fata a tsakani, babu wani shamaki.

Ko an matse sandar har ƙasa, akwai ɗan sarari tsakanin bakin sirinji da gindin allura inda ruwa yake maƙalewa, kamar ruwan da ke saura a cikin tiyo bayan an rufe famfo. Sirinjin da ake cire wa allura a mayar, sararinsa ya fi girma nesa ba kusa ba. Irin wanda allurarsa take manne da jikinsa, kamar na masu ciwon sukari, sararinsa ɗan mitsitsi ne. Gwaje-gwaje sun nuna cewa bayan an ɗauraye su iri ɗaya, jinin da ke saura a cikin mai cirewa zai iya ninka na mai mannen kusan sau dubu. Shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a riƙa raba irin mai ƙaramin sararin.

Idan ina koya wa sababbin ma'aikata, nakan zuba jan launi a ruwa, in ja a sirinji, in matse, in ɗauraye da ruwa mai tsabta har sirinjin ya yi fes a ido. Sai in cire allurar in buga gindinta a kan farar auduga. Kusan kullum sai ka ga ɗan tabo ja-ja ya fito. Ido ba ya ganin abin da ke cikin wannan lungu, kuma ɗan abin da ya rage ya isa.

Mutane da yawa sun ji cewa ƙwayar cutar ƙanjamau, wato HIV, tana mutuwa da zarar ta bar jiki ta sha iska. A kan tebur ko ƙasa, inda jini yake bushewa, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma cikin sirinji rufaffen wuri ne mai danshi. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun samu ƙwayar da ranta a cikin sirinji har bayan kwana 42, musamman idan wurin da sanyi kuma jinin da ɗan yawa. Zafi yana gajarta kwanakin, amma ko a wuri mai zafi ba maganar mintuna ba ce. Don haka sirinjin da aka ajiye jiya, ko makon jiya, bai zama sabo ba.

Ruwan zafi kuwa, ba ya kashe ƙwayar a ɗan lokacin da ake zuƙa a fesar. Yakan ma sa jini ya daskare ya manne a lungun da na faɗa. Ɗaurayewa da ruwa mai tsabta sau da yawa tana rage jinin, ta fi rashin yi, amma ragewa daban, kariya daban.

Lissafin haɗarin, da maganar aboki ɗaya

Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa idan mutum ya yi amfani da sirinjin mai ɗauke da cutar wanda ba ya shan magani, ana samun kamuwa 63 a cikin kowane karo 10,000. Wato kusan ɗaya cikin 160. Idan ƙanenki ya ji wannan adadi, zai iya cewa ai ba wani abu ba ne. To, ki tambaye shi sau nawa yake allura a rana. Mai allurar hirowin yakan yi sau biyu zuwa huɗu, mai hodar iblis ko wata ƙwaya mai saurin sakin mutum yakan fi haka. Idan muka yi lissafin kai tsaye da wannan adadi, wanda ya yi tarayya sau ɗari da mai cutar, damar kamuwarsa ta kusa rabi. Sau ɗari kuwa ba ya ɗaukar wata biyu ga wanda abin ya kama sosai.

Kuma wannan matsakaicin adadi ne. A makonnin farko bayan mutum ya kamu, ƙwayar cutar tana cika jininsa fiye da kowane lokaci, alhali shi bai sani ba, gwajin gaggawa ma bai fara nunawa ba. Wanda ya karɓi sirinji daga hannunsa a wannan tsakani haɗarinsa ya zarce wancan lissafi da yawa.

A nan ne maganar aboki ɗaya take rushewa. Na yarda ƙanenki da mutum ɗaya yake yi. Abokin fa? Da wa ya yi ranar da ƙanenki ba ya nan? Wa ya ara masa sirinji da dare ya yi, kantin magani ya rufe, jikinsa kuma yana karkarwa? Da wa yake kwana? Ƙanenki yana tarayya da duk mutanen nan ta hannun abokinsa, ko bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ban faɗi haka don in ɓata abokin ba, wataƙila shi ma da zuciya ɗaya yake ganin lafiyarsa ƙalau.

Tarihin cutar cike yake da irin wannan. A Bankok ta ƙasar Tailan, a 1988, yawan masu cutar a cikin masu allurar ƙwaya ya tashi daga kusan kashi 1 cikin ɗari zuwa sama da kashi 30 a cikin shekara guda. A wata ƙaramar gunduma mai suna Scott a jihar Indiyana ta Amurka, inda a da ba a samun ko mutum biyar a shekara, an gano mutum 181 tsakanin ƙarshen 2014 da ƙarshen 2015. Maganin ciwo suke narkawa su yi allura, wasu sau huɗu a rana, wasu har sau 15. Da aka bi sawu, sai aka tarar yawancinsu dangi ne da maƙwabta da abokai, akwai ma gidan da kaka da 'ya'ya da jikoki suke yi tare. Kowa a cikinsu da wanda ya sani kuma ya amince da shi yake yi. A duniya baki ɗaya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce mutum kusan miliyan 14 ne suke allurar ƙwaya, ɗaya cikin takwas yana da HIV, kusan rabi kuma suna da ciwon hanta nau'in C.

Cokali, ruwa da auduga

Ranar da kowa ya zo da allurarsa, haɗarin ƙanjamau ya ragu, wannan gaskiya ne. Amma ki duba yadda ake haɗa ƙwayar. Ana ɗebo ruwa da sirinji a zuba a cokali, a narka, a jefa 'yar auduga, sannan kowa ya sa bakin allurarsa a kan audugar ya zuƙa. Idan sirinjin ɗayansu tsoho ne, ko da shi kaɗai ya taɓa amfani da shi, jininsa ya shiga cokalin, ya shiga audugar, ya shiga kofin ruwan da kowa yake ɗauraya a ciki. Mafi muni shi ne raba ƙwaya da sirinji: a haɗa kuɗi a saya, mutum ɗaya ya zuƙe duka a nasa don ya auna, sannan ya fesa wa kowa rabonsa a cikin sirinjinsa. Wannan da miƙa allura hannu da hannu kusan duk ɗaya ne, amma idan ka tambayi mutum ko yana tarayya da wani, zai ce a'a, kuma har ga Allah bai ɗauka ƙarya yake ba.

Ta wannan hanya ta cokali da auduga, ciwon hanta nau'in C ya fi ƙanjamau saurin wucewa. Ƙwayarsa ta fi juriya, an same ta da rai a sirinji har bayan kwana 63, kuma tana iya yin makonni a busasshen jini a kan abu. A waccan gunduma ta Indiyana, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka samu da HIV suna da shi. Idan zan faɗi abin da na fi tsammanin gani a jinin ƙanenki, shi ne wannan, kuma a tambayarki ban ga alamar an gwada shi ba. Labari mai daɗi shi ne yanzu ana warkewa daga shi da ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12, fiye da kashi 95 cikin ɗari suna rabuwa da shi. Nau'in B kuma yana da allurar rigakafi.

Gwajin kwana goma

Wannan gwaji ya gaya mana abu ɗaya mai amfani: zuwa kimanin wata uku kafin ranar, bai kamu ba. Bai ce komai ba a kan makonnin baya-bayan nan. Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa martanin garkuwar jiki yake nema, kuma yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Gwajin ɗakin bincike na jinin jijiya, wanda yake neman ɓangaren ƙwayar cutar tare da martanin, yana ganowa tsakanin kwana 18 zuwa 45. Akwai mai neman ƙwayar kanta, yana iya gani daga kwana 10 zuwa 33, amma ba ko'ina ake samunsa ba. Kwana goma ya yi wuri ga biyun farko gaba ɗaya, na ukun ma da ƙyar.

Abin da nake ba da shawara shi ne ya sake gwaji bayan mako shida daga ranar ƙarshe da suka yi tarayya, sannan ya sake idan wata uku ya cika. Amma ki lura, duk ranar da ya sake karɓar sirinjin wani, lissafin ya koma farko. Muddin yana allura, gwaji duk wata uku zuwa shida shi ne daidai. Idan a cikin mako biyu zuwa huɗu ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko kaluluwa ta fito masa a wuya, ko ƙuraje suka feso a jiki, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru don a yi gwajin da ya dace. Rashin waɗannan alamu kuma ba shaida ba ce, da yawa ba sa jin komai.

Akwai maganin gaggawa da ake kira PEP, wanda ake sha bayan abin ya faru don a hana ƙwayar cutar zama a jiki. Sharaɗinsa a fara kafin awa 72 su cika, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, sannan a sha kullum har kwana 28. Na wancan karo lokacinsa ya wuce. Amma ina so shi da ke ku san da shi, saboda idan ya sake faruwa, abin yi shi ne ya nufi asibiti a ranar, kada kunya ta sa ya kwana biyu yana shawara.

Sai matarsa, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Haƙƙinta ne ta san halin da ake ciki, kuma ya fi kyau ta ji daga bakinsa, ko a gaban ma'aikacin lafiya idan shi kaɗai ba zai iya ba. Ta yi gwajin HIV da na ciwon hanta, su yi amfani da kwaroron roba har a ga sakamakon wata uku. Idan tana da ciki ko tana shayarwa, maganar ta zama ta gaggawa, domin uwar da ta kamu a wannan tsakani ta fi saurin ba jariri. Ita ma tana iya shan maganin rigakafi muddin mijinta yana cikin haɗari.

Alluran da Baba ya ƙone

Wannan shi ne wurin da ya fi mini nauyi, kuma ina roƙonki ki isar wa Baba da ladabi. Babu uban da zai tarar da allurai a ɗakin ɗansa hankalinsa bai tashi ba, kuma abin da ya yi ƙauna ce ta sa shi. Sai dai ƙone allura ba ya ƙone jarabar. Wanda jikinsa ya saba da irin su hirowin, idan awanni suka wuce bai samu ba, sai gumi, da hamma, da murɗar ciki, da gudawa, da ciwon ƙashi kamar ana sara. Marasa lafiyata da dama sun gaya mini cewa a wannan lokaci, ko an faɗa musu mai sirinjin yana da cutar, za su karɓa. Ranar da aka ƙone alluran ƙanenki, mai yiwuwa ba ta zama ranar da bai yi allura ba, ta zama ranar da ya yi da ta wani.

An taɓa gwada wannan a kan gari guda. A birnin Edinbara na Sikotilan, a farkon shekarun 1980, 'yan sanda suka riƙa ƙwace sirinji, masu kantin magani kuma suka daina sayar wa waɗanda suke zargi. Shan hirowin bai tsaya ba, sai dai mutane suka riƙa taruwa a ɗaki ɗaya sirinji guda yana zagayawa. Da aka gwada jinin masu allura da ke zuwa wani asibitin unguwa, aka buga sakamakon a 1986, kashi 51 cikin ɗari suna da HIV. A Gilasgo, birnin da ke kusa wanda ke da masu allura da yawa amma sirinji bai yi wuyar samu haka ba, adadin bai kai kashi 5 ba. Abin da ya faru a Edinbara yana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta fara shirin raba sirinji a 1987. Kafin nan, a 1984, masu shan ƙwayar da kansu ne suka fara irin shirin a Amstadam ta ƙasar Holan, saboda ciwon hanta.

Na san yadda wannan magana take yi wa mutane a kunne, kamar an ce a taimaka wa mutum ya ci gaba da halaka kansa. Amma shekara kusan 40 ana bin diddigin waɗannan shirye-shirye a ƙasashe daban-daban, kuma ba a ga sun ƙara yawan masu shan ƙwaya ba. Abin da aka gani shi ne sabon kamuwa da HIV da ciwon hanta yana raguwa da kusan rabi, kuma masu zuwa karɓar sirinji sun fi waɗanda ba sa zuwa shiga shirin daina ƙwaya, domin a nan suke fara haɗuwa da ma'aikacin lafiyar da bai tsine musu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa burin a kai sirinji 300 ga kowane mai allura a shekara kafin 2030. A wurina, yaron da zai daina ƙwaya nan da shekara biyu, ina so ya iso wannan rana da jininsa lafiya.

Don haka ƙa'idar da nake so ya riƙe ita ce: kowace allura da sabon sirinji, da nasa cokali, da tasa auduga, da nasa ruwa, kada ya ara kuma kada ya ba da aro. Idan an rasa sabo, gara ya maimaita nasa na kansa da ya karɓi na wani. Idan kuwa babu makawa sai na wani, to da babu gara ba daɗi: ya cika shi da ruwa mai tsabta mai sanyi ya girgiza daƙiƙa 30 ya zubar, ya cika da ruwan bilic na wanki wanda ba a sirka ba ya girgiza daƙiƙa 30 ya zubar, sannan ya sake da sabon ruwa. Wannan yana rage haɗari, ba ya kawar da shi, kuma mai karkarwa da wuya ya tsaya ƙirga daƙiƙa.

Ku kuma mutanen gida, cin abinci tare, gaisawa, banɗaki ɗaya, wanke masa kaya, duk ba sa yaɗa cutar. Reza da burushin haƙori da abin yanke farce dai kowa da nasa. Tsofaffin allurai a zuba su a cikin robar kwalba mai kauri mai murfi, kada a ɗauka da hannu ta wajen tsinin, kada a yi ƙoƙarin mayar da murfin allura. Wanda ta soka ya wanke da ruwa da sabulu ya je asibiti a ranar. Haɗarin irin wannan suka ya fi ƙanƙanta, kimanin 23 cikin 10,000, amma PEP don irinsa aka tanada.

Magungunan da ke rage haɗari

Idan abin da yake allura dangin hirowin ne ko magungunan ciwo masu ƙarfi, akwai magani biyu da suka fi komai amfani a ganina: metadon, wanda ake sha sau ɗaya a rana, da bufurenofin, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe. Suna hana ciwon yankewar ƙwaya ba tare da sun bugar da mutum ba idan an daidaita adadin, sai ya iya barci, ya iya aiki, allura ta ragu ko ta tsaya. Tun 2005 suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda aka buga a 2012, ya nuna masu shan su haɗarin kamuwarsu da HIV ya ragu da kashi 54 cikin ɗari. Wasu iyalai sukan ce ai an sauya ƙwaya da ƙwaya ne. Ni abin da na gani shi ne mutanen da suka koma wurin aikinsu suka riƙe aurensu. Idan kuwa hodar iblis ce ko irinta, babu magani makamancin wannan, sai shawara da jiyya ta ɗabi'a, kuma sabon sirinji ya ƙara zama dole tunda sun fi yawan soka allura.

Sai maganin rigakafi da ake kira PrEP, wanda mai lafiya yake sha kullum. An gwada shi a kan masu allura a Bankok, sakamakon ya fito a 2013: kamuwa ta ragu da kashi 49 gaba ɗaya, da kashi 74 a cikin waɗanda aka tabbatar maganin yana jininsu. Ba a fara shi sai an tabbatar mutum ba shi da cutar, an kuma duba ƙodarsa da ciwon hanta nau'in B. Ba ya kare mutum daga nau'in C, ba ya hana maruru a hannu ko ciwon da ƙwayoyin cuta kan haifar a cikin zuciya, waɗanda su ma ta allura suke shiga.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, gwaji na gaba ya nuna ya kamu, a fara magani ba tare da jinkiri ba, ko da yana kan allura. Kada kowa ya ce sai ya daina tukuna. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar cutar ta daina bayyana a jini yana rayuwa mai tsawo, kuma ba ya ba matarsa ta hanyar kwanciya. Ta hanyar sirinji dai wannan tabbaci bai kafu ba, don haka ko a lokacin babu aro.

Iyakar abin da zan iya daga nesa

Ban ga ƙanenki ba, kuma shawarar wane magani ya dace da shi sai likitan da ya duba shi ya ji irin ƙwayar da yake amfani da ita. Dokoki ma sun bambanta: wata ƙasa ana sayen sirinji a kantin magani ba tambaya, wata kuma mallakarsa kaɗai na iya jawo kamu, metadon ma ba ko'ina ake ba da shi ba. Wurin da ya yi gwajin shi ne ƙofar farko da za ku ƙwanƙwasa, ku tambaya ko akwai shirin masu allura a kusa. Idan abokin zai yarda ya bi shi gwaji, hakan zai warware rabin damuwar.

Abu na ƙarshe ba na ƙanjamau ba ne, amma ya fi shi saurin kisa. Iyalai da yawa idan suka gano, sukan kulle mutum a ɗaki ko su kai shi wurin jiyya na wasu makonni. A wannan tsakani jikinsa yana rasa sabon da ya yi da ƙwayar, idan ya fito ya yi allurar adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Makonnin farko bayan fitowa daga jiyya ko gidan yari su ne mafi haɗari. Ku nemi maganin da ake kira naloksan, mai karya ƙarfin hirowin da danginsa a jiki, na fesawa a hanci ko na allura, ku ajiye a gida kowa ya san inda yake. Idan kuka tarar da shi ba ya amsa kira, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke ƙwarai, leɓensa ya sauya launi, ku ba shi naloksan, ku nemi agajin asibiti, ku kwantar da shi ta gefe. Idan bai farfaɗo ba bayan minti biyu zuwa uku, ku ƙara. Ko ya farka kada a bar shi shi kaɗai, domin ƙarfin maganin yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana iya fin haka daɗewa a jikinsa.